Ba Kowane Haki Ba Ne Na Ragwanci



A gasar tsere ta bara, wata ƙawata ta tsaya tun ba a kai rabin fili ba, ta dafe ƙirji tana haki. Muka yi ta dariya muna ce mata raguwa. Bayan wata biyu aka kai ta asibiti, likita ya ce ƙofar zuciyarta ce ta lalace. Har yau ina jin kunyar dariyar nan, shi ya sa na yi tambaye-tambaye na rubuto wannan.

Zuciya ɗaki huɗu gare ta, kuma akwai ƙofofi da ke hana jini komawa baya. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu ya ɗauko iska mai kyau, ɓangaren hagu ya karɓa ya raba wa jiki. Idan babban mutum yana zaune, zuciyarsa tana tura jini kamar lita 5 a minti ɗaya. Idan yana gudu, ko yana iyo da homa da gora a Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, yakan kai lita 20.

To ina wannan jini duka yake bi? A jikin mai lafiya, jijiyoyin huhu suna buɗewa su ba shi hanya, kamar yadda gulbin Rima yake bazuwa cikin fadama da damina. Amma idan ƙofar hagu ta tsuke ko tana yoyo, sai jini ya taru a baya, ya matsa wa jijiyoyin huhu. Wannan shi ne hawan jinin huhu. A ma'aunin likitoci, na mai lafiya yana kusa da 14 idan yana hutawa, in ya wuce 20 akwai matsala. Ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a hannu ba, na'urar hannu ba ta gano shi.

Abin tsoron shi ne yana iya ɓoyewa. Wani in yana zaune lafiya lau, sai ya motsa jiki matsin ya hau. Shi ya sa wani lokaci likita yakan ɗauki hoton zuciya, wanda ake kira eko, mutum yana taka keken da ba ya tafiya. Likitoci sun lura cewa a cikin masu ciwon ƙofar zuciya, waɗanda matsinsu ke hawa sosai lokacin motsa jiki sun fi saurin tsananta. Wannan gargaɗi ne, don a sa musu ido tun zuciya ba ta gaji ba.

Me ke lalata ƙofar? A wurin yara 'yan shekara 5 zuwa 15, babban dalili shi ne ciwon maƙogwaro na wata ƙwayar cuta wanda ba a yi wa magani ba. Maganin fenisilin yana kashe ta idan likita ya rubuta da wuri. Ciwon sikila ma yana iya kawo hawan jinin huhu.

Ga alamomin da za mu kula da su:

1. Haki bayan ɗan aiki, kamar ɗebo ruwa.
2. Jiri ko suma lokacin wasa.
3. Kumburin ƙafafu.
4. Kasa numfashi idan an kwanta rigingine.

Duk wanda ya ga haka ya gaya wa iyayensa ko malami, a je Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, ko asibiti mafi kusa. Ba cewa na yi mu daina wasa ba, motsa jiki yana ƙara wa zuciya ƙarfi. Amma in abokinka ya tsaya yana haki, kawo masa ɗauki, kada ka kawo dariya.

Ƙawata tana shan magani, ta dawo aji. Allah Ya ƙara mata lafiya, mu ma Ya ba mu, amin.

Daga 'yar aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida