IN BAƘUWA TA CE ZA TA ZO ZARIYA, ME ZA KI GAYA MATA?

Yau maganar baƙi za mu yi, watau masu zuwa gari domin buɗe ido.

A ce ƙanwarki da ke aure a Ikko, ko wata ƙawarki ta makaranta, ta aiko miki cewa tana so ta kawo yara Zariya hutun Sallah su ga hawa, amma maigidanta yana ɗari-ɗari. Ta ce ki gaya mata tsakaninki da Allah, akwai lafiya ko babu. Wata a cikinmu, don kishin gari, sai ta ce, "Lafiya lau, surutun rediyo ne kawai." Wata kuma ta ce, "Yi zamanki, mu ma addu'a ce ke riƙe da mu." To, dukansu biyu sun tauye wa baƙuwa gaskiya. Ta farko tana iya jefa ta cikin wahala. Ta biyu kuwa ta hana yara ganin tarihin kakanninsu, ta kuma hana wata baiwar Allah ciniki. Abin da ya kamata shi ne ki san abin da garinki ya mallaka, ki san inda haɗari yake da lokacin da yake, sa'an nan ki faɗi duka biyu.

ABIN DA MUKE DA SHI

Mu fara da birni. Har yanzu akwai sauran ganuwa, ga kuma ƙofofi da sunayensu na dā: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona da sauransu. Ga fadar Sarkin Zazzau da zanen da ke jikin ƙofarta. Ga Dutsen Kufena, inda mutane suka zauna tun kafin birnin yanzu. A can Turunku, wajen Kaduna, nan ne tarihin baka ya ce Bakwa Turunku ta zauna, mahaifiyar Sarauniya Amina da ƙanwarta Zariya wadda garin ya ci sunanta. Wane gari ne kuma a ƙasar Hausa da zai nuna wa 'yarki mace irin wannan?

A Wusasa akwai majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa bisa salon ginin Hausa a 1929. A garin ne Janar Yakubu Gowon ya tashi. Sabon Gari kuwa jirgin ƙasa ne ya haife shi, bayan dogo ya iso Zariya a 1911, shi ya sa har yau in kin shiga kasuwarsa za ki ji Hausa da Yarabanci da Ibo a layi ɗaya. A nan Samaru ga Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim, da sashen zane-zane, da gidan wasan kwaikwayo da aka gina da ƙasa kamar gidan Bahaushe. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona wadda ta girmi jami'ar kanta da shekara arba'in. In kuwa Sallah ce, ga hawa: algaita da kakaki, dawaki cikin lifidi, hakimai suna jafi a ƙofar fada.

Akwai abu guda da ya kamata ya tsaya mana a rai. Masallacin Juma'a na birni, wanda Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), masana gini daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna bakan-gizonsa, har aka yi kwaikwayonsa a gidan tarihi na Jos. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Nawa ne cikin mutanen Samaru da Sabon Gari suka taɓa ganin cikinsa kafin wannan rana? Abin tarihi ba ya jiran mutum.

ABIN DA BA ZA MU ƁOYE BA

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A watan Afrilu 2019 'yan bindiga suka kai hari da dare a gidan shaƙatawar nan na kan dutse da ke Kajuru, suka kashe mutum biyu, ɗaya Baturiya ce ma'aikaciyar agaji. A watan Nuwamba 2020 aka sace ɗalibai tara na sashen Faransanci na jami'armu a hanyar Kaduna zuwa Abuja. A watan Yuni 2021 aka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare aka tafi da malamai da ɗalibai, a shekarar kuma an sha shiga gidaje a unguwannin bakin gari. Ranar 28 ga Maris 2022, bayan magariba, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe wasu, aka shiga daji da mutane da dama, jirgin bai koma aiki ba sai watan Disamba. Saboda irin waɗannan ne gwamnatin Amurka, a sanarwarta ta 2025, ta sa Jihar Kaduna cikin wuraren da ta ce wa mutanenta kada su je.

Amma duba da kyau, Uwargida. Yawancin waɗannan abubuwa sun auku ne a hanyar daji, ko a gefen gari, ko bayan faɗuwar rana. Wanda ke nesa ba ya rarrabe wannan. Shi dai ya ji an ce Kaduna, sai ya haɗa Birnin Gwari da Kajuru da kasuwar Samaru ya ɗaure a ƙulli ɗaya.

DARASI DAGA HAITI

Domin mu ga inda irin wannan hanya take kai ƙasa in ba a tare ta ba, bari in kai ku nesa, can tsakiyar tekun Karibiyan, kudu maso gabas da Amurka. Akwai wata ƙasa ta baƙar fata ana ce mata Haiti, mai mutum fiye da miliyan 11. Kakanninsu bayi ne da aka kwasa daga Afirka, kuma a takardun Faransawa masu gonakin rake, inda suke rubuta asalin bayinsu, har da sunan Hausawa. Waɗannan bayi suka yi tawaye, suka kori Faransa, suka kafa ƙasarsu ranar 1 ga Janairu 1804. A 1825 Faransa ta tilasta musu biyan diyyar faran miliyan 150, bashin da ya daɗe yana cin ƙasar.

Ƙasa ce mai kyan gani. A arewacinta, bisa wani tsauni, akwai ƙatuwar ganuwa da ake kira Citadelle, wadda Henri Christophe ya gina tsakanin 1805 da 1820 don gudun kada Faransawa su dawo. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 1982. A shekarun 1950 da na 1970 Turawa sun yi ta tururuwa zuwa can saboda bakin teku da kiɗa da zane-zane.

Sai abubuwa suka yi ta biyo juna. A 1983 hukumar lafiya ta Amurka ta sa mutanen Haiti cikin jerin waɗanda aka fi tsoron suna ɗauke da cutar ƙanjamau. Ta janye maganar a 1985, amma kafin nan baƙi sun gudu, otal-otal sun zama kango. Girgizar ƙasa ta rushe babban birni, Port-au-Prince, ranar 12 ga Janairu 2010. An kashe shugaban ƙasa, Jovenel Moise, a cikin gidansa ranar 7 ga Yuli 2021, 'yan daba masu bindiga suka ƙara ƙarfi har suka mamaye yawancin birnin. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce an kashe mutum fiye da 5,600 a 2024 kaɗai. A watan Nuwamba na shekarar aka harbi jirgin saman fasinja yana shirin sauka. A watan Yuli 2025 aka ƙone tsohon otal ɗin Oloffson, gidan katako da marubuta da mawaƙa suka daɗe suna sauka.

Kada ki ce na kwatanta Zariya da Port-au-Prince. Alhamdu lillahi, a nan kasuwa tana ci, makarantu suna buɗe. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Abu uku na gani a labarinsu.

Na farko, ko a Haiti haɗarin bai zama ɗaya a ko'ina ba. Lokacin da Amurka ta hana jiragenta sauka a babban birnin, ba a daɗe ba ta yarda su sauka a Cap-Haitien da ke arewa, kusa da ganuwar nan.

Na biyu, katanga ba ta maganin ɓacin suna. Tun 1986 wani kamfanin jiragen ruwa, Royal Caribbean, ya karɓi hayar wani bakin teku da ake kira Labadee, ya kewaye shi da shinge da masu gadi. Baƙi su sauko, su yi wanka, su ci abincin jirgi, su koma, ba su ga gari ba, ba kuma kowane mai talla ake bari ya shiga ba. Duk da shingen, da nisan wurin daga babban birni, kamfanin ya dakatar da zuwa a watan Maris 2024, ya dawo, ya sake dakatarwa a watan Afrilu 2025.

Na uku, in hanya ta mutu, mace ce take fara ji a tukunyarta. A can akwai mata 'yan kasuwa da ake kira Madan Sara, masu ɗauko amfanin gona daga ƙauye zuwa birni. Da 'yan daba suka tare hanyoyi suna karɓar kuɗi, su ne suka fara shan wuya, abinci kuma ya yi tsada.

SU WA NE BAƘINMU?

In an ce masu yawon buɗe ido, sai hankalinmu ya tafi kan Bature mai kyamara. Alhali mafi yawan baƙin Zariya 'yan ƙasa ne: iyayen da suka kawo 'ya'yansu jami'a, masu zuwa bikin yaye ɗalibai, 'yan biki da 'yan suna, masu dubiya a asibitin Shika, da masu zuwa kallon hawa. Su ne ke sayen wainar mai waina da furar mai fura. Su ne ke tafiya da hula da babbar riga, wadda sau da yawa mace ce ta zauna a ɗakinta cikin birni ta yi wa aikin allura wata da watanni. Mai lalle da mai kitso da mai sayar da atamfa a Sabon Gari duk suna da rabo a jikin baƙo. Kowace baƙuwa da tsoro ya hana zuwa, kuɗin makarantar wani yaro ne ya tafi. Kowace kuma da aka yaudara ta zo ta gamu da tsautsayi, labarinta zai hana ɗari.

ABIN DA ZA KI FAƊA MATA

1. Ta yi tafiyar rana. Daga Kaduna zuwa nan kimanin kilomita 80 ne. Ta taso da safe, kada magariba ta same ta a hanya, zuwa ko komawa.

2. Ta shiga mota a tasha. Ban da tsayawa bakin titi don neman araha.

3. Labarin hanya na wannan mako ake nema, na bara ba shi da amfani. Ki sa maigida ko ɗanki ya tambayi direbobin da ke bin ta kullum. In sun ce a dakata, a dakata.

4. Kada ta baza ranar tafiyarta a Facebook ko WhatsApp. Hoto ya jira sai ta koma gida.

5. Cikin gari, watau birni, Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru, a fita da rana tare da ɗan gari. A bar sarƙar zinariya a gida, a riƙe waya da jaka da kyau a cikin cunkoso.

6. Kufena a je da safe, a cikin jama'a, da wanda ya san wurin. Wuraren da ke can cikin ƙauye kamar Turunku kuwa, sai an tambayi mutanen wurin sun ce a zo.

7. Ranar hawa a je da wuri a sami wurin tsayawa nesa da ƙafar dawaki. Ki rubuta lambar waya a takarda ki sa wa kowane yaro a aljihu. A tafi da ruwan sha.

8. A fada da wuraren ibada, a yi sallama, a nemi izini kafin a shiga ko a ɗauki hoto, a kuma yi shigar mutunci.

In bayan duk wannan maigidanta ya ce bai yarda ba, kada ki yi fushi, kada kuma ki matsa. Ke dai kin sauke nauyi.

MU FARA DA KANMU

Saura abu ɗaya, kuma ya fi sauran sauƙi. A ajin da nake koyarwa, yara da yawa sun iya sunan Sarauniya Amina don jarrabawa, amma ba su taɓa shiga Ƙofar Doka ba, alhali kuɗin mota ne kawai tsakani. Yaya za mu kira na nesa su zo ganin abin da mu ba mu damu mu gani ba? Wurin da 'yan gari ke zuwa da 'ya'yansu shi ake sharewa, shi ake gyarawa in ya tsage, shi ne kuma ake jin kunyar yanka shi a sayar da fili.

Saboda haka, Uwargida, wannan hutu ki nemi izinin maigida, ki haɗa kai da maƙwabciyarki, ku zaɓi wata Asabar da safe ku kai yara birni. Ku nemi wani dattijo ya nuna musu ganuwa ya faɗa musu sunayen ƙofofi. Malamai 'yan'uwana kuma, ku kai maganar gaban hedimasta da ƙungiyar iyaye. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Allah ya ba mu zaman lafiya a garinmu da hanyoyinmu, ya kawo wa mutanen Haiti sauƙi. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.