Duwatsun da Kakanni Suka Ji Tsoro

Wanda ya tashi daga Palladan ya nufi Wusasa, tun da nisa zai hango Dutsen Kufena. Yaranmu sun san shi wurin hawa ne kawai ran hutu. Amma a zamanin dā akwai gari a gindinsa, kewaye da ganuwa, mazaunansa kuwa sun gaskata iskoki ne ke zaune a bisa. Kusa da dutsen nan ne mishan ta C.M.S. ta zauna a 1929, aka gina majami'ar St. Bartholomew da tubalin ƙasa.

Labarin Dala a Kano ya fi fitowa fili, gama an rubuta shi cikin tsohon tarihin Kano. Barbushe yana zaune a kan dutsen, ba ya saukowa sai ranakun tsafi. Jama'a su taru da baƙin bunsuru, da baƙin kare, da baƙar kaza. Shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta kawo. Sarki Tsamiya (1307–1343) ne ya rushe wurin.

Kada mai karatu ya zaci ƙasar Hausa kaɗai aka yi wannan. Can Kolombiya, a Amurka ta Kudu, akwai wata kabila, Muiska. A garin Tunja sun sassaƙa duwatsu biyu kamar matasai, inda sarkinsu yakan durƙusa da asuba ya gai da rana. Kusa da Villa de Leyva kuma ga ginshiƙan dutse jere. Masana sun ce da inuwarsu ake gane lokacin shuka. Turawan Sifen sun iso ƙasar Muiska a 1537, daga baya suka laƙaba wa wurin suna "Ƙaramar Jahannama".

A ganina sunan nan ya yi tsauri. Manoma ne masu tsoron fari, kamar kakanninmu. Sun ga rana da dutse, suka yi musu sujada, ba su san Wanda ya yi su ba. Yakubu ma ya kafa dutse a Betel, har ya zuba masa mai (Farawa 28), amma shaida ce ta alkawarin Allah, bai roƙi dutsen kome ba.

Yau gwamnati da masana suna kiyaye ginshiƙan Muiska, ana kai 'yan makaranta su gani, malamansu na nuna musu inda inuwa take faɗuwa.