Kalmar "Sum" ta Ingilishi: Asalinta, Ma'anoninta da Yadda Ake Amfani da Ita a Darasin Lissafi

Daga cikin kalmomin da ɗalibi yake fara cin karo da su a littafin lissafi na Ingilishi akwai "sum". Kalma ce gajeriya mai haruffa uku, shi ya sa malami yakan ɗauka ba ta buƙatar dogon bayani. Da zarar ya ce wa yara "jimla" sai ya wuce gaba. Wannan fassara daidai take a muhalli ɗaya, amma a wasu muhallan takan ɓatar da ɗalibi. Tun da yake da Ingilishi ake yin jarrabawar lissafi ta WAEC da NECO, rashin fahimtar kalma irin wannan yana iya sa yaron da ya iya lissafi ya faɗi tambayar da ya san amsarta. Saboda haka muka ga ya dace mu bi diddigin kalmar, domin malamai da masu tsara manhaja su san abin da suke miƙa wa ɗalibai.

Asalin kalmar

Tushen "sum" shi ne kalmar "summa" ta harshen Latin, wadda take nufin abin da ya fi kowane tsawo, wato ƙololuwa ko kan abu. Bayanin da masana tarihin kalmomi suka saba bayarwa shi ne, mutanen Rum na dā sukan tara lambobi daga ƙasa zuwa sama, sannan su rubuta sakamakon a saman jerin. Ke nan abin da aka samu bayan tarawa shi ne "na sama", saɓanin yadda muke yi a yau, inda ake ja layi a rubuta amsa a ƙasa. Daga Latin kalmar ta shiga tsohon Faransanci, daga nan kuma ta shiga Ingilishi wajejen shekarar 1300, a zamanin da Faransanci yake harshen fada da shari'a a Ingila sakamakon mamayar Normandawa ta 1066. Abin lura shi ne, ma'anar da ta fara kafuwa da ita a Ingilishi ta shafi kuɗi ne: adadin kuɗin da aka biya ko ake bin wani.

Sanin wannan tushe yana da amfani ga mai koyar da Ingilishi, domin yana ɗaure kalmomin da yara suke haddacewa ɗai-ɗai kamar ba su da dangantaka. "Summit" ƙololuwar dutse ce, kuma ita ce taron shugabannin ƙasashe, wato taron na sama. "Summary" taƙaitawa ce, wato tattaro kanun magana. Malaman Kirista na Turai a tsakiyar zamani sukan kira littafin da ya tattara wani fanni gaba ɗaya "Summa", kamar shahararren littafin tauhidin da Thomas Aquinas ya rubuta tsakanin 1265 da 1273. Duk uwa ɗaya ta haife su.

Akwai kuma waɗanda kama ce kawai ta haɗa su da ita. "Some", mai nufin wasu ko kaɗan, furucinta ɗaya ne da "sum" a bakin Bature, amma daga tsohon Ingilishi ta fito, ba ta da alaƙa da Latin. Wannan yakan rikita yara a darasin shifta. Ga Bahaushe ma akwai ƙarin abin dariya, domin furucin ya yi kusa da "sam" ɗinmu ta ƙin amincewa.

Ma'anoninta a yau

Ma'ana ta farko, wadda ta fi shafar manhaja, ita ce sakamakon tara lambobi biyu ko fiye. Idan aka ce wa ɗalibi ya nemo "sum" na 7 da 5, amsa ita ce 12. A nan "jimla" ta zauna daram. Sai dai a kula, kalmar tana nufin sakamakon ne. Aikin kansa "addition" ake kiransa, wato tarawa. Tana da 'yan'uwa uku da suke tsaye a irin matsayinta: "difference" ga ɗebewa, "product" ga ninkawa, "quotient" ga rabawa. Kuskuren da aka fi sani shi ne ɗalibi ya gauraya "sum" da "product", a tambaye shi na 7 da 5 ya rubuta 35 a inda ake son 12, ko ya yi akasin haka. Hannunsa ya iya aikin, kalmar ce ta kayar da shi.

Ma'ana ta biyu ita ce ta fi kawo matsala, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Tun wajen farkon ƙarni na 19, Ingilishin Birtaniya yake kiran kowace tambayar lissafi ta makaranta "sum". Idan malami ya ce wa yara "do your sums", yana nufin su yi aikin lissafinsu, ko da kuwa aikin na rabawa ne ko ɗebewa. Wannan salo ya zo mana tare da makarantun zamanin mulkin mallaka, kuma ya zauna a bakin malamai da yawa. To, a dubi halin yaron da aka koya wa ranar Litinin cewa "sum" sakamakon tarawa ne, sannan ranar Talata aka rubuta masa "sums" a saman allo, a ƙarƙashi kuma 48 raba 6. Ko dai ya ɗauka kalmar ba ta da tsayayyiyar ma'ana, ko ya tara lambobin ya kawo 54. A ra'ayinmu, malamin firamare ya fi kyau ya bar wannan salo gaba ɗaya, ya ce "exercises" ko "problems", ya keɓe "sum" ga tarawa kaɗai. A Hausa kuwa "aikin lissafi" ya wadatar.

Ma'ana ta uku ita ce ta kuɗi, wadda muka ce ta fi tsufa. A rasit da caki da takardar yarjejeniya akan ga "the sum of" kafin a ambaci naira kaza. A nan babu wata tarawa da aka yi. Abin da ake nufi shi ne adadin kuɗi, ko kuɗi har kaza. Haka "lump sum" take nufin kuɗin da aka biya a dunƙule lokaci guda, kamar wanda ma'aikaci yake karɓa idan ya yi ritaya. Masu koyar da kasuwanci da ajiye lissafin kuɗi su ne za su fi haɗuwa da wannan.

Sauran ma'anonin na adon magana ne. "To sum up" da "in sum" suna daidai da "a taƙaice" ko "a dunƙule". "Zero-sum" kuwa, wadda ta bazu bayan littafin John von Neumann da Oskar Morgenstern na 1944 kan nazarin wasanni da tattalin arziki, tana bayyana yanayin da ribar wani ita ce asarar wani daidai wa daida.

A manyan azuzuwa kalmar takan ɓuya cikin alama. Harafin Girkanci Σ, wanda yake daidai da S, Leonhard Euler ne ya yi amfani da shi a 1755 domin nuna tara jerin lambobi. Alamar ∫ ta babban lissafi kuma doguwar S ce, wadda Gottfried Leibniz ya fara rubutawa a 1675 a madadin "summa". A darasin kwamfuta, umarnin SUM na manhajar Excel shi ma wannan aikin yake yi. Ɗalibin da aka gaya wa haka zai daina kallon alamomin a matsayin zane marar dalili.

Batun "jimla" a Hausa

Ita ma "jimla" baƙuwa ce da ta zama 'yar gida, domin daga Larabci aka aro ta, kamar "lissafi" da "adadi". A Larabcin tana nufin abu a dunƙule, tana kuma nufin cikakkiyar magana a nahawu, kuma Hausa ta karɓi ma'anonin biyu duka. Saboda haka yaro ɗaya zai ji malamin Hausa yana cewa a gina jimla, malamin lissafi kuma yana cewa a nemo jimla. Ba mu ga wani aibu a wannan ba, tun da muhalli yana rarrabewa, amma ya kamata jagoran malami ya ambace shi a fili, musamman a makarantun da ake koyar da Hausa a matsayin harshe na biyu, inda ɗalibai ba su da kunnen da zai rarrabe musu da kansa.

Wani wurin kula shi ne, "jimla" tana fassara "sum" da "total" a lokaci guda. "Total" daga wata kalmar Latin ta fito, "totus", mai nufin duka ko gaba ɗaya, kuma tana iya zama sifa, kamar a maganar husufin rana cikakke, abin da "sum" ba ta yi. A lissafin firamare bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma idan ana tsara jerin keɓaɓɓun kalmomi na aji huɗu zuwa shida, muna ba da shawarar a jera sunayen sakamako huɗun nan a shafi ɗaya, kowanne da aikinsa da alamarsa da misali da lambobi iri ɗaya, kamar 12 da 4, domin yaro ya ga 16 da 8 da 48 da 3 suna fitowa daga tambayoyin da kalma ɗaya ce kawai ta raba su.