Ɗaukar Ɗan Jagora A Dajin Gashaka-Gumti: Abin Da Baƙo Ke Saye Da Kuɗinsa

JALINGO — Daga watan Disamba zuwa Maris na kowace shekara, lokacin da koguna suka ja baya, ciyawa ta bushe, hanyoyi kuma suka biyu, ake samun masu yawon buɗe ido da ke sauka a Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, da nufin zarcewa zuwa gandun dajin ƙasa na Gashaka-Gumti. Cikinsu akwai 'yan kasuwa, da ma'aikatan ofisoshin jakadanci, da ɗaliban jami'o'i, da masu sha'awar kallon tsuntsaye. Akasarinsu sukan yi lissafin mota da mai da masauki tun daga gida. Abin da aka fi mantawa da shi a cikin kasafin, alhali kuwa shi ne ginshiƙin tafiyar, shi ne ladan mutumin da zai shige gaba a cikin daji, wato ɗan jagora.

Dalilin muhimmancinsa yana cikin girman dajin da kuma yanayinsa. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Nijeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,400, ya kuma ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru. An fara keɓe yankin ne a shekarar 1972 a zamanin Jihar Arewa Maso Gabas, kana a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola, Gwamnatin Tarayya ta haɗe ɓangarorin Gashaka da Gumti ta mai da su gandu guda a ƙarƙashin kulawarta. Ɓangaren arewa, wanda ake shiga ta Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren kudu kuwa, wanda ake shiga ta Serti inda hedkwatar gandun take, duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi mai duhu. A nan ne Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal, tsauni mafi tsawo a Nijeriya mai tsayin mita 2,419.

A fitattun gandun dajin Kenya da Tanzaniya baƙo yana zaune cikin mota yake ganin garken dabbobi a sarari. A Gashaka lamarin ya sha bamban. Hanyoyin mota kaɗan ne, galibin yawon kuma a ƙasa ake yinsa. Akwai ɓauna, da gwanki, da gwambaza, da mazo, da gada, da mugun dawa, da damisa, da dorina, da kada, da birai iri-iri, to amma ganye da tudu suna ɓoye su. Wanda bai san sawu ba, bai san kashi ba, bai kuma san lokacin da dabba ke saukowa shan ruwa ba, yana iya yini uku yana tafiya bai ga komai ba sai bishiyoyi. Saboda haka abin da baƙo ke saye a hannun ɗan jagora shi ne sanin daji, kuma wannan sani ne ke tabbatar da ko sauran kuɗin da aka kashe sun biya buƙata ko sun tafi a banza.

Mutum Uku, Aiki Uku

Kuskuren farko da baƙi kan yi shi ne haɗa ayyuka uku a kan mutum ɗaya. Na ɗaya shi ne dogarin daji, ma'aikacin Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa, wanda aikinsa tsaro ne da tabbatar da doka. Dokar da ta kafa hukumar, wato Dokar Soja mai lamba 46 ta shekarar 1999, ta haramta shiga gandu ba tare da izini ba, kuma ƙa'ida ce a haɗa baƙo da jami'in gandu. Wannan ba abin ciniki ba ne; duk wanda ya yi wa baƙo tayin shigar da shi ta bayan fage domin a kauce wa biyan kuɗin shiga, ya jefa shi cikin laifi ne, ya kuma raba shi da kariyar hukuma idan wani abu ya faru.

Na biyu shi ne ɗan jagora na gargajiya, ɗan ƙauyukan da ke kewaye da gandun, wanda ya taso yana bin waɗannan hanyoyi, ya san mashigin kowane rafi da inda ake samun ruwan sha a tsakiyar rani. Na uku su ne 'yan dako, masu ɗaukar abinci da tanti da tukwane, waɗanda babu makawa sai da su a duk tafiyar da za ta kai kwana. Wani lokaci akan dace da dogarin da ya haɗa tsaro da sanin sawu, to amma bai kamata a ɗauka cewa haka abin yake kullum ba. Baya ga waɗannan akwai mai shirya tafiya, wanda ke zaune a Jalingo ko Abuja ko Legas, yana haɗa mota da masauki da izini, yana kuma cire nasa kason. Aikinsa halal ne kuma yana rage wahala, sai dai wajibi ne baƙo ya tambaya tun farko ko shi da kansa ne zai shiga daji, ko kuwa wani zai miƙa wa baƙin idan an isa Serti, kuma wane ne wannan mutum.

Yadda Lissafin Yake

Kuɗin tafiyar kashi biyu ne. Akwai wanda ake biya a kan kowane mutum, kamar kuɗin shiga, da na kwana, da abinci. Akwai kuma wanda ba ya canzawa ko mutum ɗaya ne ko huɗu, kamar hayar mota mai ƙarfin hawa tudu, da manta daga Jalingo ta Garba Chede da Bali zuwa Serti, da ladan ɗan jagora. A nan ne hikimar tafiya a ƙaramar ƙungiya take: mutum huɗu da suka haɗu, kowanensu rubu'in wannan kashi na biyu zai biya. Sai dai yawa ma yana da tasa illar, domin ayarin mutum goma yana da hayaniya, dabba kuma tana jin motsinsa tun daga nesa. Mai son ganin tsuntsaye ko birai, gara ya biya ƙarin kuɗi ya samu jagora nasa shi kaɗai da ya raba kuɗi da taron da zai kore masa abin da ya zo gani.

Idan aka kwatanta ladan ɗan jagora da kuɗin jirgi zuwa Jalingo, da hayar mota ta kwanaki, za a ga cewa shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kasafin. Amma abin mamaki, a kansa ne baƙi suka fi tsananta ciniki. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Ƙwararren jagora da aka matse wa farashi yakan koma gonarsa, a bar baƙo da wanda ya yarda da kowane tayi saboda ba shi da abin da zai sayar.

Matsalar da ke ƙarƙashin wannan ciniki sananniya ce a ilmin tattalin arziki: mai saye ba ya iya tantance ingancin haja sai bayan ya biya. Jagoran ƙwarai da na jeka-na-yi-ka duk kamanninsu ɗaya a tasha. Idan babu wata shaida da za ta bambanta su, farashi yakan daidaita a ƙasa, nagari kuma su fice daga sana'ar. Kenya ta magance wannan ne tun a shekarar 1996, lokacin da aka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu jagorar yawon daji, wadda ke yin jarrabawa tana ba da shaida mataki uku: tagulla, azurfa da zinariya. A Tanzaniya ba a hawa tsaunin Kilimanjaro sai da jagora mai lasisi. A Taraba, abin da ke tsayawa a madadin irin wannan shaida shi ne ofishin gandun da ke Serti, da kuma shaidar waɗanda suka riga suka yi tafiyar.

Sharuɗɗan Da Ya Kamata A Ƙulla

Ɗan kasuwar da ba zai karɓi kaya ba tare da rasit ba, bai dace ya shiga daji da yarjejeniyar fatar baki ba. Kafin a tashi, a daidaita adadin kwanaki da wuraren da za a je, domin ziyarar yini ɗaya zuwa tafkin dorina a kogin Kam da kangon sansanin Jamusawa da ke kusa da ƙauyen Gashaka daban take da hawan Gangirwal, wanda tafiyar kwanaki ce a ƙasa cikin sanyi mai tsanani. A fayyace wanda zai ciyar da jagora da 'yan dako, da nauyin kayan da kowane ɗan dako zai ɗauka, da abin da za a biya idan rashin lafiya ko ruwan sama ya katse tafiya. A ba da kafin alƙalami, a ajiye cikon sai an dawo. Kuɗin hukuma kuma a biya shi a ofis, a karɓi rasit. Tun da harsunan yankin Fulatanci ne da Hausa da wasu harsunan gida, baƙon da ba ya jin su sai ya tabbatar akwai mai yi masa tafinta. Haka nan a nemi bayanin halin tsaro daga hukumar gandun kafin a bar Jalingo, a kuma yi tafiyar hanya da rana.

Akwai alama guda da ke saurin tona asirin jagoran bogi, ita ce yawan alkawari. Dajin Gashaka yana daga cikin manyan mafakar da ta rage wa wani nau'in biri da mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake bugun saiwar bishiya, wanda kuma ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru. Tun a shekarar 2000 Farfesa Volker Sommer na Jami'ar Landan ya kafa aikin bincike a kan birai a sansanin Kwano, kuma hatta masu binciken sukan daɗe suna bin sheƙarsa da sawunsa kafin su yi ido biyu da shi. Duk wanda ya ce lalle zai nuna shi a yini ɗaya, ko ya yi alkawarin zaki da giwa, neman kuɗi kawai yake yi.

Abin Da Ke Cikin Haɗari

Batun ya wuce jin daɗin baƙo. Mutumin da ya fi kowa iya bin sawun ɓauna shi ne kuma ya fi kowa iya harbe ta. Ko zai yi amfani da saninsa wajen nuna ta ko wajen kashe ta, ya danganta ne da wanda ya fi kawo masa abin cefane. Ɓaunar da aka harba sau ɗaya ake sayar da namanta. Wadda aka bari ana iya nuna ta ga baƙi shekara da shekaru. To amma wannan lissafi ba ya aiki sai in baƙin suna zuwa a kai a kai, kuma kuɗin yana isa hannun mutanen ƙauye maimakon ya tsaya a birni. Ga shi kuma kakar yawon 'yan watanni ce kawai, damina na sauka jagora ya koma noma.

Taraba ta riga ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan wani ciniki ya fi kiyaye daji riba. A tsakiyar shekarun 2010 aka yi rububin sarar itacen madobiya, wanda 'yan katako suka laƙaba wa suna Madrid, ana lodinsa zuwa ƙasar Sin. Ɓarnar ta kai ga a shekarar 2017 aka sanya itacen cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, da farauta, da kiwo a wuraren da aka hana, su ma sun matsa wa gandun lamba. Alhali kuwa daga waɗannan duwatsu ne kogin Kam da wasu rafuka ke gangarowa su ciyar da kogin Taraba, wanda ke zuba a Binuwai, inda manoman rani da masunta masu yawa suka dogara.

An yi ƙoƙarin juya akalar lamarin. A shekarun 1990 Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, wato NCF, tare da asusun WWF sun tallafa wa gandun. A shekarar 2017 kuma Hukumar Kula da Gandun Daji ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa ta shekara 30 da gidauniyar Africa Nature Investors, wadda ta mai da hankali kan ɗauka da horar da dogaran daji daga cikin al'ummar yankin. Tsaro shi ne jarin farko. Sai ya samu ne mai gina masauki ko mai sayen motocin haya zai yarda ya zuba kuɗinsa.

Ƙasar Ruwanda ta nuna iyakar inda wannan sana'a za ta iya kaiwa. A shekarar 2017 ta ɗaga kuɗin izinin ziyartar gwaggon birin tsauni zuwa dala 1,500 ga kowane baƙo, ta kuma ƙara kason da ake mayar wa ƙauyukan da ke kewaye da gandunanta daga kashi 5 zuwa kashi 10 cikin 100 na kuɗin shiga. Gashaka ba ta da hanyoyi da masaukan Ruwanda, amma darasin yana nan: baƙo yana biya ne idan ya amince da wanda ke gabansa, mutanen ƙauye kuma suna tsare dajin da suke ci daga gare shi.

Ga 'yan kasuwar Jalingo da Bali da Serti, guraben a bayyane suke: hayar motoci masu inganci, da tantuna da kayan kwana, da tanadin abinci, da kamfanonin da za su tara jagorori, su horar da su kan agajin gaggawa da sunayen tsuntsaye da harshen baƙi, su kuma tsaya musu a matsayin lamuni. Ga gwamnatin jiha da hukumar gandun kuwa, rajistar jagorori da fitar da tsayayyen farashi aiki ne da ba ya buƙatar makudan kuɗi. Har zuwa lokacin da za a yi hakan, mafi aminci ga mai niyyar zuwa shi ne ya tuntuɓi ofishin Serti tun kafin ya baro gida, ya sa ladan jagora a sahun farko na kasafinsa, ya kuma biya shi cikakke idan an dawo lafiya.