Kwanakin ƙarshe kafin jarrabawar GMAT

Ɗalibin da ke neman shiga manyan makarantun koyon kasuwanci na Amurka, ko kuwa HEC da INSEAD na ƙasar Faransa, galibi sai ya ratsa wata jarrabawa mai suna GMAT. A Amurka anka fara ta cikin shekarar 1954, kuma da Ingilishi ake yin ta, ko da ɗan takara da Faransanci ya yi lakwal.

Cikin watan Nuwamba na 2023 anka sake mata tsari. Yanzu tambayoyi 64 ne, cikin awa 2 da minti 15, an kasa su kashi uku, kowane kashi minti 45: lissafi tambaya 21, fahimtar rubutu 23, nazarin alƙaluma da jadawali 20. Maki yana tashi daga 205 zuwa 805.

Kwamfuta ce ke zaɓen tambayoyin. In ɗalibi ya amsa daidai, ta miƙo mashi wadda ta fi tsauri. In ya kuskure, ta sassauta. Babu tsallake tambaya, sai an amsa wadda ke gaba ta fito. Wanda lokaci ya ƙare mashi bai gama ba, ana rage mashi maki. A kashin lissafi kowace tambaya rabonta ya ɗara minti biyu da kaɗan, kuma ba a yarda da na'urar lissafi a wanga kashi ba. Saboda haka mai ilimi yana iya faɗuwa don kurum ya nace wa tambaya guda.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya buɗe sabon babi saura kwana biyar, ruɗa kansa zai yi. Aikin makon ƙarshe shi ne horo da agogo. Hukumar GMAC, mai shirya jarrabawar, tana ba da gwaji biyu kyauta ta intanet. Ɗalibi shi zauna shi yi guda ɗaya cikakke, daidai sa'ar da za shi yi ta gaskiya, da hutun minti 10 da anka yarje, sa'an nan shi bi kurakuransa ɗaya-ɗaya. Nan ne zai san kashin da za shi fara da shi, tun da an bar mashi zaɓi. Nan ne kuma zai koyi abin da ya fi yi wa haziƙai wuya, watau sakin tambayar da ta gagara: shi zaɓi amsa, shi sa mata alama, shi wuce. In lokaci ya rage a ƙarshen kashi, yana da damar canza amsa uku, ba ƙari.

Jajibirin ranar kuwa, shi duba fasfo, shi tabbata sunan da ke ciki ya yi daidai da na rajista, shi kwanta da wuri. Wanda ya kasa sai ya jira kwana 16 kafin ya sake, ya kuma biya wani kuɗi, alhali kafin nan wata makarantar ta rufe karɓar takardu.