Kafin Ka Sauka Daga Jirgin Ruwa a Mashigin Suwez

Abuja ba ta da teku. Ruwan da muka sani bai wuce tafkin Jabi da madatsar Usuma ba. Duk da haka, cikin abubuwan da masu shirya tafiye-tafiye ke tallata wa masu hali a birnin nan har da hutu a katafaren jirgin ruwa: ka tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe, ka riski jirgin a Italiya ko Girka ko Jidda, ka yi kwanaki kana ratsa teku. Wasu daga cikin jiragen sukan bi ta mashigin Suwez na ƙasar Masar, kuma a nan ne ake tambayar fasinja: za ka zauna a jirgi, ko za ka sauka yawon ganin gari?

An buɗe mashigin a 1869, ya haɗa Bahar Rum da Bahar Maliya. Tsawonsa kilomita 193, wato kusan tafiyar Abuja zuwa Kaduna, amma jirgi kan shafe awa 12 zuwa 16 kafin ya fita, don ayari ake yi kuma a hankali ake tafiya. Wanda ya zauna zai ga Isma'iliyya, ya wuce ta ƙarƙashin gadar Salam, gonaki kore shar a gefen yamma, rairayin Sinai a gabas. Ba a tsayawa a tsakiyar mashigi don wani ya sauka. Sauka sai a tashar ruwa, kamar Port Sa'id ko Ain Sukhna, daga nan a ɗebi mutane a bas zuwa Alƙahira.

To, wane Bahaushe ne za a ce masa ga Azhar, ga dalar Giza, ya ce a'a? Sai dai daga Port Sa'id zuwa Alƙahira kusan kilomita 200 ne, awa uku zuwa, uku dawowa, ban da cunkoson birnin. Kuma jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da ake jira ta cika. Yana da lokacin tashi, ana so kowa ya dawo da tazara kafin lokacin. Idan yawon da kamfanin jirgin ya shirya ka bi aka makara, a al'ada za su jira, ko su ɗauki nauyin kai ka tasha ta gaba. Idan kuwa kai ka yi cinikin tasi a bakin ƙofa don ya fi araha, ka makara, jirgi zai tafi da kayanka da magungunanka. Otal da tikitin riskarsa duk daga aljihunka. Araha ba ta ado.

Abin da mai talla bai cika faɗa ba shi ne launin fasfonka. Baturen da ke ɗaki kusa da naka zai iya sauka a wuraren da kai sai da biza. Masar na neman biza daga ɗan Najeriya, tana kuma neman katin rigakafin cutar shawara. Wanda jirginsa zai bar Turai ya sake komawa, bizar Shengen ta shiga sau ɗaya ba lallai ta wadatar ba. A nemi mai shiga da fita. Kada kuma ka ce ai ba zan sauka ba, don haka babu ruwana da biza: kamfanoni sukan hana mutum hawa tun farko idan takardun ƙasashen da ke kan hanya ba su cika ba, kuma da wuya a mayar da kuɗi. Ofishin jakadancin Masar yana nan Abuja. Ka tambaya da kanka, ka kuma sa kamfanin jirgin ya amsa maka a rubuce.

A mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, lissafin ya ɗan bambanta. Can ana ɗaga jirgi da ruwa mataki-mataki har mita 26 zuwa tafkin Gatun. Jiragen da ke yin rabin hanya sukan sauke waɗanda suka sayi yawon kamfani kaɗai a tafkin, su sake ɗaukar su a tashar Kolon.

A sani kuma hanyar Suwez kan rikice. A Maris 2021 jirgin Ever Given ya toshe ta kwana shida. Daga ƙarshen 2023, hare-haren 'yan Huthi a Bahar Maliya sun sa kamfanoni da dama soke tafiye-tafiye ko zagayawa ta kudancin Afirka. Ka karanta abin da yarjejeniya ta ce kan canjin hanya kafin ka biya.

A ganina, mai zuwan farko, da mai tafiya da tsofaffi ko ƙananan yara, ya zauna a jirgi ranar ratsa mashigi; abin da ya biya ya gani ke nan, Alƙahira kuwa ta cancanci tafiya tata daban. Wanda ya nace sai ya sauka, ya bi yawon kamfani, ya saita agogonsa da na jirgi, ya riƙe maganinsa da kwafin fasfo da lambar wakilin jirgin a wannan tasha. Jama'a, a kammala maganar biza tun a Abuja, kafin a tura wa kowa ko kwabo.