SILIKON: GAM DA AKA YI DAGA YASHI

Damina ta ƙarato. Lokaci ya yi da kowace ƙungiya za ta ɗaga kai ta dubi rufin ɗakin ajiyarta.

Bara, a wani ƙauye kusa da Jahun, ƙungiyarmu ta ajiye wake tana jiran ya yi tsada. Tun da rani muka toshe ramukan ƙusa na kwanon rufi da kwalta da tsumma, muka ce shi ke nan. Ashe zafin Afrilu ya narkar da kwaltar, ta zame ba mu sani ba. Da ruwan Agusta ya sauko, sai ya yi ta ɗiga a kan buhuna. Buhu huɗu suka yi funfuna. Wannan hasara ce ta sa na nemi sanin wani gam da ake kira silikon.

MENE NE SILIKON?

Asalinsa farin yashi ne. Akan ƙona yashin da gawayi a wuta mai tsanani, sa'an nan a sarrafa abin da ya fito. A cikinsa ƙwayoyin sinadarin yashi da na iskar da muke shaƙa suna jere bi da bi kamar tsakiya a zare. Wannan jeri ake kira siloksen, ƙarfinsa kuwa shi ya sa rana ba ta cin silikon kamar yadda take cin roba. Wani Bature na Ingila, Frederic Kipping, shi ya raɗa masa suna a 1901. A 1940 wani masani a Amurka, Eugene Rochow, ya gano hanyar yin sa da yawa.

Ga halayensa. Ruwa ba ya ratsa shi. Yana jure zafi har digiri 200, zafin Dutse kuwa bai kai 50 ba a inuwa. In ya bushe yana nan da taushi. Wannan babban abu ne, gama kwano yakan miƙe da rana ya tsuke da dare. Gam mai tauri sai ya tsage, amma silikon yana bin motsin kwano shekara da shekaru. Jikin mutum ma ba ya ƙinsa. Da shi ake yin bakin bulumbotin jarirai, da irin robar fitsari da takan daɗe a jikin majiyyaci, kamar matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari, aikin da aka san asibitin Jahun da shi tun 2008.

IRI BIYU NE, KU LURA

Akan same shi a shagunan kayan gini a Dutse, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, cikin doguwar kwalbar roba da ake matsawa da bindiga. Iri na fari yana da wari mai tsami da ke hawa hanci. Na gilashi ne. Tsamin nan yana cin kwano har ya yi tsatsa, ba ya kuma kama siminti sosai. Iri na biyu ba shi da wannan wari, a jikinsa an rubuta Neutral. Shi ne na kwano da siminti. Mai shago zai iya ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Karanta da kanka, ko ka tafi da magatakardan ƙungiya. Ka duba ranar lalacewarsa kuma, domin wanda ya tsufa ba ya bushewa.

YADDA AKE SA SHI

Na ɗaya, a kankare tsatsa da tsohuwar kwalta, a goge ƙura. Wurin ya bushe sarai. Na biyu, a buga ƙusar da ta kwance. Na uku, a matsa gam ɗin kewaye da kan ƙusar, a shafe da yatsa da aka tsoma a ruwan sabulu. Kafin rabin sa'a bayansa ya yi fata, amma cikinsa sai ya kwana ya wuni. Laimar iska ce ke busar da shi, don haka da hunturu yakan yi nawa. Ku zaɓi ranar da babu hadari.

DURON WAKE

Ƙwaron wake ba ya rayuwa in babu iska. A sami duro mai tsabta wanda bai taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba. A cika shi maƙil da busasshen wake, a ɗaure murfi, a zagaye bakin murfin da silikon ta waje, kada ya taɓa waken. Kada a buɗe kafin wata biyu. Ƙwari za su mutu ba tare da an zuba guba a abincin iyali ba.

INDA BA YA AIKI

Ba ya kama baƙin tankin ruwa na roba. Fenti ba ya zama a kansa. Fetur yana kumbura shi, saboda haka kada a sa a tankin mai na injin ban ruwa. Akwai ja da makanikai ke sawa a mahaɗar inji mai zafi, wannan dabam ne. Wanda aka yi domin banɗaki kuwa yana da maganin funfuna a ciki, kada ya kusanci ruwan sha. Kwanon da tsatsa ta cinye kuma, sai sabo.

Manomi ɗaya ba zai ƙarar da kwalba guda ba, in an buɗe ta kuma takan daskare a hankali. Shawarata ita ce ƙungiya ta sayi bindiga ɗaya da kwalba biyu, a sa rana, a fara da ɗakin ajiya, a bi gidajen tsofaffi da gwauraye da ragowar. Kuɗinsa bai kai na rabin buhun wake ba. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka.